Inda Motar Ta Tsaya

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Yaya ƙafar nan taka da aka ce ta kumbura? Mu nan jiki lafiya, sai idona da ya fara yi mini gardama da baƙin zare in na hau keken ɗinki. Na san za ka yi mamakin takarda daga wurina, tunda rabona da kai tun kana zuwa hutu gidanmu kana share mana tukunya. Kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito, saboda haka ko ka zama lauyan kamfani mai ɗaure wuya, ni dai ƙanena ne kai, kuma yau buƙatarka ta taso mini.

Kada ka neme ni a waya. Na cire layin na jefa a gwangwanin maɓallai, dalilin yana zuwa.

Ka tuna 'yata Auta, wadda ka bari tana rarrafe? Tana makarantar koyon jinya yanzu, an turo ta ƙaramin asibitin garinmu sanin makamar aiki. Kwanakin baya aka kawo wata mai naƙuda da haihuwa ta zo mata da gardama, aka ce a kai ta babban asibiti, can tsallaken iyakar yankinmu. Aka sa Auta ta raka ta a motar asibiti. Sun kai ta lafiya. A hanyar dawowa, da rana tsaka, daga ita sai direba, tana zaune a baya, ya sauka daga titi ya tsaya, ya zagayo ya buɗe ƙofar. Ya yi mata fyaɗe, Dogo. Ga shi na rubuta, sauran ba zan iya ba.

Ta shigo mini shago da fararen kayanta, ta jira masu koyon ɗinki suka tashi, ta faɗa mini a tsaye. Ni na zube ƙasa, ita ta ɗago ni. Ita ce ta ce kada ta yi wanka, kada a wanke kayan, mu tafi wurin likita yanzu. Ban san inda yarinyar nan ta samo wannan zuciya ba, ba dai a wurina ba.

Daga nan yawo ya fara. 'Yan sandan garinmu suka tambaya a ina abin ya faru, suka ce tunda daga can motar ta taso, mu je can. Na can suka ce tunda nan ta sauka, mu koma nan. Da ƙyar namu suka karɓa suka kama direban. Aka kai ƙaramar kotu. Auta ta shirya abin da za ta faɗa, ta zauna ta haɗa gwiwoyinta. Alƙalin ya duba takarda, ya ce kotunsa ba ta da hurumi, a mayar da mutumin gidan yari, ya tashi. Ko sunanta bai tambaya ba.

Tun ranar dangin direban suke kirana, wai an kori ƙara, in yi haƙuri in rufa wa 'yata asiri. Shi ya sa na cire layin. Ka faɗa mini gaskiya, mene ne hurumin nan? An kore mu ke nan? Auta ba ta kuka, ba ta kuma cin abinci sosai. Abu ɗaya take maimaitawa, ita so take wani mai iko ya zauna ya saurare ta daga farko har ƙarshe. In babu mai yin haka, gara in sani in daina kai ta tana zama a benci.

Ka ba direban babbar motar da ya kawo maka wannan takarda amsarka, yana biyowa ta ƙofar shagona.

Yayarka mai ɗinki

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Mu nan duk lafiya, ƙafa ta saɓe, matata tana gaishe ki. Idon kuma ki je a auna miki tabarau, ki daina cewa zaren ne ya lalace.

Na karanta takardarki a ofis, na rufe ƙofa na daɗe ban iya komai ba. Allah ya saka wa 'yata. Ki gaya mata kawunta Dogo ya ce abin da ta yi a ranar, na hana a wanke kaya da zuwa wurin likita, manya da yawa ba sa iya tuna shi a irin wannan hali. Ni kaina abin ya girgiza ni.

Ba a kori ƙararku ba, ki kwantar da hankalinki. Masu kiranki ko ba su sani ba, ko sun sani suna so ki karaya. Hurumi shi ne ikon da doka ta ba kotu ta taɓa wata shari'a. Ƙaramar kotu ba a ba ta ikon yanke hukuncin fyaɗe ba, don laifin ya fi ƙarfinta, hukuncinsa mai nauyi ne. Iyakarta ta tsare mutumin har lauyoyin gwamnati su duba takardun su kai babbar kotu. Da alƙalin nan ya saurari Auta ya yanke hukunci, da an ɗaukaka ƙara an rushe komai, a ce ta sake faɗa daga farko. Tashin da ya yi ba wulaƙanci ba ne, ko da yake da ya yi muku bayani da bakinsa da bai ragu da komai ba.

Sai dai akwai hurumi na biyu, shi ne na wuri, kuma shi ya sa 'yan sanda suka yi ta jefa ku. A ƙa'ida kotun yankin da aka yi laifi ita ke shari'arsa, saboda haka kotu za ta so ta san inda abin ya faru. Ki sa rai lauyan direban zai kama nan ya riƙe, tunda hanyar ta ratsa yanki biyu.

Ni kin san rabona da shari'ar laifi tun makaranta, aikina kwangila ne da rigimar kamfani. Akwai abin da nake tunawa game da laifin da aka yi a kan tafiya, amma ba zan faɗa miki da ka ba sai na buɗe littafi na tabbatar. Za a tura ni wani aiki wajen gari, da na dawo zan rubuto. Kafin nan ki nemi lauyan gwamnatin da za a ba shari'ar, ki tambaye shi duk abin da ya shige miki duhu, aikinsa ne.

Ki riƙa zama kusa da ita ko ba ta magana.

Ƙanenki, Dogo

*

Dogo,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Na yi tabarau, yanzu ina ganin datti a ko'ina cikin shagon, ka jawo wa yara masifa.

Shiru shiru ba ka rubuto ba. Ko aikin wajen garin ne ya haɗiye ka, ko ka ga maganar ta fi ƙarfin zumuncin kakanni? In haka ne ka faɗa, ba zan ji haushi ba. Ƙarya nake, zan ji.

Yadda ka faɗa haka aka yi. An kai babbar kotun yankinmu, aka ba wata lauyar gwamnati shari'ar, 'yar siririya, kullum da tulin fayil a ƙirji tana sauri. Zaman farko lauyan direban ya miƙe ya ce wannan kotu ba ta da hurumi, wai in ma an yi wani abu to a tsallake aka yi, a sallami mutuminsa. Alƙali ya ce a zama na gaba zai ji daga bakin Auta a kan wurin, sannan ya yanke.

To ga matsalar. Auta ba ta san wurin ba. Tagogin bayan motar asibiti an shafe su da farin fenti, ba a ganin waje. Ta ce ita dai ta ji motar ta bar kwalta ta hau tsakuwa, shi ke nan.

Na nuna wa wana takardarka, Safiyo mai awon filaye, ka san shi, mutumin da ko shimfiɗar tabarma sai ya duba ta miƙe. Ya sa yatsa a layin da ka ce kotu za ta so ta san inda abin ya faru, ya ce ai Dogo ya gama magana, lauya ba zai fito ya ce ku tsara ba, amma ga shi ya nuna mana hanya. Ya ce shi a aikinsa babu abin da ba shi da mazauni a ƙasa, in ba a san wuri ba sai a kafa masa turke. Ya ɗauke mu a motarsa har da igiyar awo, muka bi hanyar. Ya nuna mana turken siminti na iyaka a gindin wata gada, wanda ya ce da shi aka kafa. Muka dawo ta ɓangarenmu, yana tafiya a hankali, har ya sami wata 'yar hanya da ta sauka zuwa ramin da ake ɗibar tsakuwa. Ya tsaya ya ce nan ne. Ya ce wa Auta ta kalli wurin da kyau, ga tulin tsakuwa, ga wata tsohuwar tankar ruwa, ga gadar can nesa. Ya ce in an tambaye ta ta ce ta hango su lokacin da aka buɗe ƙofa.

Auta ta fito ta tsaya ta dubi wurin. Ta ce, "Kawu, wataƙila nan ne. Amma ban gani ba."

Ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya yi hawaye, mutumin da ban ga hawayensa ba ko ranar da muka binne mahaifinta. Ya ce ba ƙarya ba ce tunda an yi abin, wuri kawai za a ba shi. Ya ce in ta ce ba ta sani ba, kotun nan za ta tura mu can, ta can ta turo mu nan, mutumin ya fito yana tuƙa wata 'yar. Ni ma na sa baki, Dogo, ba zan ɓoye maka ba. Kullum in mun tashi daga shago sai na yi mata bita, tanka, tsakuwa, gada. Tana saurare, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Lauyar gwamnati ba mu gaya mata ba, Safiyo ya ce irin wannan ba a sa ma'aikaci a ciki.

Zaman ya kusa. In abin da kake nufi ke nan, rubuto mata da hannunka, tana jin maganarka. Ni tsoro nake ji ta miƙe ta ce ba ta sani ba a sake tashi a bar ta a benci. In aka sake yi mata haka ban san abin da zai rage mini na yarinyar nan ba.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, muna lafiya. Yau na dawo na tarar da takardarki a ƙarƙashin tarin wasu, ta daɗe tana jirana. Na kira layinki a rufe, na Safiyo kuma ba ni da shi. Allah ya sa wannan ta riga zaman.

Ba abin da nake nufi ke nan ba, wallahi. Laifina ne da na rubuta rabin magana na tafi. Kada Auta ta ambaci ramin tsakuwa, kada ta ambaci tanka. Lauyan direban ya san motar, zai zo da hotunanta. Da ta ce ta ga wani abu, zai bi ta da tambaya, ta wace taga, ƙofar ta wane gefe ta buɗe, har sai maganar ta warware. In ya kama ta da ƙarya ɗaya a kan wuri, zai ce wa alƙali wadda ta ƙirƙiri tanka za ta ƙirƙiri sauran. A shari'a irin wannan babu abin da take da shi da ya kai gaskiyar bakinta.

Na buɗe littafin. Waɗanda suka rubuta dokar sun yi tunanin mutum irin Auta tun kafin a haife ta. Sun ce in an yi laifi a cikin mota ko jirgi ana kan tafiya, duk kotun da tafiyar ta ratsa yankinta tana da hurumi. Sun kuma ce in ba a tabbatar a wanne daga cikin yanki biyu aka yi ba, kowacce daga cikin kotunan biyu za ta iya. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na yi shekaru ina cin abinci da doka, ban taɓa jin kwarjininta irin na yau ba.

Ki kai wa lauyar gwamnati wannan, ko da yake na tabbata ta sani. Ki ce wa Safiyo ina gaishe shi, ya naɗe igiyarsa. Ki ce wa 'yata ta faɗi abin da ta sani, inda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba.

Dogo

*

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Muna lafiya. Auta ta ci abinci jiya har ta nemi ƙari, na juya baya don kada ta ga fuskata.

Takardarka ba ta riga zaman ba. Motar da ta ɗauko ta ta lalace a hanya, sai washegarin zaman ne direban babbar motar ya miƙo mini ita yana ba da haƙuri. Na karanta a kan keke, na yi ta salati, don duk abin da ka ce kada a yi shi na kwana ina roƙon Allah ya sa ta yi. Bari in ba ka labari yadda ya faru.

Ɗakin kotun dogo ne, fanka na juyawa a sama, benci duk ya sha hannu har yana ƙyalli. Alƙalin wani dattijo ne ɗan ƙarami, in ya zauna kujerar ta kusa haɗiye shi. Da aka kira shari'armu ya ce kowa ya fita, sai lauyoyi da wanda ake ƙara da mutum ɗaya da yarinya ta zaɓa. Ta nuna ni. Safiyo ya fita yana waiwayenta yana ɗaga mata gira. Aka rufe ƙofa, ban taɓa sanin ana korar jama'a saboda mutuncin mutum ɗaya ba.

Ta shiga akwatin shaida ta yi rantsuwa. Direban yana can gefe, ba ta dube shi ba. Lauyansa ya taso da murmushi, da wani babban ambulan a hannu yana buga shi a cinya. Ya yi mata magana a hankali kamar mai son taimakonta. Ya ce ai hanyar sananniya ce, akwai gada, akwai ramin tsakuwa, ko ta hango ɗaya daga ciki? Dogo, shi da kansa ya miƙo mata ramin. Na damƙe bakin mayafina ina cewa a zuci, karɓi, 'yar nan, karɓi.

Ta ce, "Ban ga gada ba, ban ga rami ba. Ban san inda motar ta tsaya ba."

Ya ce to me ta gani? Ta ce rufin motar. Ta ce akwai ƙugiyar da ake rataya ledar ƙarin ruwa, tana lilo tun da suka taso, sai ta ga ta daina lilo, a nan ta san an tsaya. Ta ce in ana son ta faɗi abin da ke cikin motar za ta faɗa ɗaya bayan ɗaya, amma waje ba ta gan shi ba, ba za ta ce ta gani ba. Muryarta ko rawa ba ta yi. Ni na haife ta, ni na yi mata wanka, amma ranar na zauna ina kallonta kamar baƙuwar da aka ce in tashi in ba ta wuri.

Lauyan ya dubi ambulan ɗinsa, ya ajiye shi a tebur bai buɗe ba. Sai da na karanta takardarka na gane hotunan motar ne a ciki. Ya juya ya ce wa alƙali ga shi da bakinta ta ce ba ta san wurin ba, saboda haka babu mai iya cewa a yankin wannan kotu aka yi, a sallami mutuminsa. Na ce shi ke nan, an sake. Na fara laluben takalmina a ƙarƙashin benci.

Sai 'yar siririyar nan ta miƙe. Ashe tun tuni ta sa alama a littafinta, mu ne ba mu tambaye ta ba, muna can muna auna titi. Ta karanto daga littafin irin abin da ka rubuto mini, kusan kalma da kalma, na tafiya da na yanki biyu. Ta ce motar a garin nan ta sauka, a harabar asibitin da ke bayan kotun nan, kuma ko lauyan bai musa ba. Ta zauna. Duka maganar ba ta kai a zura zare a allura ba.

Alƙali ya yi ta rubutu. Fanka na juyawa. Ya ɗago ya ce doka ba ta ɗora wa wanda aka rufe a bayan mota nauyin sanin hanya ba. Ya ce kotunsa tana da hurumi, kuma ba za a tura kowa ko'ina ba. Na so in yi kuka da ƙarfi, kwarjinin wurin ya hana ni.

Shari'ar ba ta ƙare ba, akwai likita, akwai 'yan sanda, lauyar ta ce za a daɗe, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Safiyo da aka gaya masa a waje ya zauna a kan matakala ya rufe fuska da hularsa, har yanzu bai iya haɗa ido da Auta ba, sai dai ya aiko da kankana. Ka rubuto masa, kai yake jin kunya yanzu.

Amma ban gama ba ka labarin ɗakin ba. Bayan ya yanke, na ɗauka za a ɗaga zaman kamar kullum. Sai ya cire tabarau ya goge, ya dubi Auta, ya tambaye ta ko tana son ruwa, ko tana so ta zauna. Ta sha ruwan, ta ce za ta tsaya. Ya buɗe sabon shafi ya ɗauki alƙalami.

Ya ce, "To, 'yata, fara daga farko. Ki yi a hankali, hannuna ba ya sauri, kuma ba na son kalma ɗaya ta wuce ni."

Ta fara daga mai naƙudar. Ba wanda ya katse ta har ta kai ƙarshe.

Allah ya bar zumunci, ya raya maka naka.

Yayarka, uwar Auta